Yadda En'e Ta Yi Fama da Fashin Makaranta

Asalin makarantar boko ta Gwamnati a ƙasar Hausa ita ce wadda Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin shekarar 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas. Daga nan makarantu suka yaɗu cikin larduna, har Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Da aka sake tsari wajen 1930 sai aka sami Elementare da Midil, gininsu da albashin malamansu galibi daga baitulmalin En'e. Amma fa wahalar gina aji ba ta kai ta cika shi da yara ba, balle tsare su kada su yi fashi.

A zamanin nan talakawa suna gudun boko ƙwarai, suna tsoron kada ta raba 'ya'yansu da addini. Saboda haka akan yanka wa kowane hakimi adadin yaran da zai kawo, shi kuma ya raba wa dagatai, dagaci ya ɗora wa masu unguwa. In labari ya bazu za a ɗebi yara, wani ya ɓoye ɗansa cikin rumbu, wani ya tura shi gabas karatun allo. Har cikin masu sarauta akwai waɗanda suka hana nasu, suka ba da 'ya'yan barori.

Wanda aka kama kuma ba lalle ya zauna ba. Da damina ta faɗi uba yana bukatar hannu a gona, ran kasuwa kuwa aji ya ragu. Kowace safiya malami ya buɗe rajista ya kira suna, wanda bai amsa ba a sa masa alama. In fashin yaro ya yi yawa sai babban malami ya kai magana ga dagaci ko hakimi, a aiki dogari ko ɗan doka ya zo da yaron tare da ubansa. A ja wa uban kunne a gaban jama'a, in ya ƙi ji a hukunta shi. Hakimin da makarantarsa ta watse kuwa, shi ne zai amsa tambaya a gaban Sarki da Di'o.

Tilas ba ta rasa ɗakin kwana, gaskiya ne, amma yaron da dogari ya kawo yau, gobe yana iya sulalewa. Abin da ya fi zaunar da yara shi ne halin shugabanni. Inda Sarki ya sa nasa 'ya'ya, kamar yadda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi, fadawa da talakawa sukan saki jiki. A Katsina da Kano ne aka fara makarantun 'yan mata a 1930, da goyon bayan Dikko da Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Sa'an nan da mutane suka ga 'yan makaranta sun zama malaman haraji da na asibiti da magatakarda, sai gudu ya soma raguwa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne, ta makarantar Bauci ya bi ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ga shi a 1957 ya zama Firayim Minista.

A 1976 aka soke En'e aka kafa ƙananan hukumomi, cikin shekarar kuma aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa. Dokar 2004 ta wajabta wa iyaye sa yara makaranta: wanda ya ƙi, da fari gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Duk da haka har wa yau mai unguwa ne ya san gidan da aka ɓoye yaro, kuma maganarsa uba ya fi ji. Allah ya jiƙan magabatan da suka ɗauki wannan nauyi, ya ba na baya ikon riƙe amana, amin.