Tarihin Ƙotar Na'urar Neman Ƙarfe a Cikin Ruwa

Duk wanda ya ɗauki alƙalami domin ya rubuta tarihin na'urar nan da ake gano ƙarfe da ita a ƙarƙashin ƙasa, galibi da Alexander Graham Bell yake farawa, wanda a shekarar 1881 ya harhaɗa wata na'ura domin a nemo harsashin da ya maƙale a jikin Shugaban Amurka James Garfield, sa'an nan ya gangaro kan Gerhard Fisher, Bajamushen da ya kafa masana'antarsa a Kaliforniya a 1931, da kuma Józef Kosacki, hafsan sojan Poland wanda na'urarsa ta neman nakiya ta yi aiki a yaƙin El Alamein a 1942. Duk wannan haƙƙun ne, ba mai musu. Amma mu da muke shiga teku da na'urar har ruwa ya kawo mana ƙirji, a gaɓar Florida da makamantanta, muna da wani tarihi wanda ba a cika rubutawa ba, wato tarihin ƙotar da ake riƙe na'urar da ita, domin kuwa idan injiniyoyin kamfani su ne suka ƙago abin da ke cikin akwatin na'urar, to ƙotar ma'abota sana'ar ne suka gyara ta da hannunsu a bayan gidajensu, kamar yadda manomi yakan sayi ruwan fartanya a maƙera amma shi zai sassaƙa mata ƙota daidai tsayinsa.

Asalin kwaɗayin shiga ruwa a wannan gaɓa yana komawa ga jiragen Sifen goma sha ɗaya da guguwa ta farfasa a ƙarshen watan Yuli na 1715, suna ɗauke da azurfa da zinariya daga Havana. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka riƙa gwanjon kayan soja, wani magini mai suna Kip Wagner ya sayi tsohuwar na'urar neman nakiya a kan dala 15, ya kuwa gano da ita sansanin da Sifaniyawa suka kafa kusa da mashigin Sebastian lokacin da suke tsamo dukiyarsu. Ita wannan na'ura ba ta shiga ruwa ba, a kan rairayi ta tsaya, illa iyaka ta nuna wa jama'a cewa abin da ke tudu kaɗan ne a kan abin da igiyar ruwa ta rufe.

Mas'ala ta farko da aka fuskanta ita ce gishiri. Ruwan teku yana ɗaukar lantarki, saboda haka na'ura mai mita ɗaya takan ji shi tamkar ƙarfe, ta yi ta kuka ba dalili. An warware wannan ta hanya biyu: ta farko ita ce na'ura mai harba bugun lantarki ta saurari amsawarsa, wadda Eric Foster na Ingila ya yi fice wajen kyautata ta, ta biyu kuwa ita ce aika mita da yawa a lokaci guda, wadda kamfanin Minelab, da aka kafa a Adelaide ta Ostareliya a 1985, ya fito da ita a cikin Sovereign, daga baya ya zuba hikimar a cikin wani bututu da ruwa ba ya shiga, ya sa masa suna Excalibur. Waɗanda suka je haƙar zinariya a Jado a 2014, ko a hamadar Sudan kafin nan, sun san wannan kamfani ta wajen na'urorinsa na tudu. Sa'ad da Excalibur da CZ-20 ta Fisher da Sea Hunter ta Garrett suka wadata a kasuwa, sai aka ɗauka magana ta ƙare, alhali a sa'an nan ne ta fara.

Dalili kuwa shi ne an ƙera waɗannan na'urori ne da tunanin mai nutso, wanda yake kwance a ƙarƙashin teku da tukunyar iska a bayansa, ruwa na ɗauke masa nauyin kome, yana jan na'urar da gajeriyar ƙota. Ita Excalibur ma an ce tana jure zurfin da ya kai mita 60. Amma mafi yawanmu ba masu nutso ba ne. A tsaye muke, ruwa iya ƙugu ko iya ƙirji, a daidai inda masu wanka suke wasa, domin nan ne sanyin ruwa yake motsar da yatsa, man kare zafin rana kuma ya sa shi santsi, zobe ya sulale mai shi bai sani ba. (Ga Musulmin cikinmu wannan tsintuwa ce, hukuncinta kuwa sananne ne a fiƙihun Malikiyya, a yi cigiya shekara guda, Turawa ma da yawansu sun ɗauki mayar da zobe ga mai shi a matsayin mutuncin sana'ar.) Wanda yake tsaye haka sa'a biyar ko shida, yana kaɗa faifan na'ura, wato kanta da ke jin ƙarfe, dama da hagu a cikin ruwa, wanda ya fi iska kauri wajen ninki 800, ga doguwar rariyar ƙarfe ta kwasar rairayi a ɗaya hannun, ga raƙuman ruwa suna tura shi, shi ne yake gane cewa lanƙwasasshiyar ƙotar da ta zo daga kamfani, wadda nauyin akwati da batir yake gaban hannu, wuyan hannu da gwiwar hannu take ci, kafin azahar kuma kafaɗa ta ɗauka.

Daga nan ƙofar ijtihadi ta buɗe. Na farko-farko sun yi amfani da abin da ke kusa, wani bututun famfo na roba, wani sandar guragu ta alminiyam irin ta asibiti, wadda da ma tana da wurin sa dantse, aka miƙe ƙotar sak daga faifai har gwiwar hannu, aka mayar da akwatin can baya, bayan gwiwar, domin nauyinsa ya rinjayi nauyin faifan, hannu ya zama tsakiyar ma'auni. Wasu suka cire akwatin ɗungum suka rataya shi a ƙugu ko a ƙirji, sai dai wannan yana wahalar da wayar da ta haɗa shi da faifai, kuma wayar da ta tsage a cikin ruwan gishiri ajalin na'ura ke nan. Har yau akwai saɓani tsakanin mazhabar miƙaƙƙiyar ƙota da ta lanƙwasasshiya. Ni dai ra'ayina, a kan busasshen rairayi kowacce ta yi, amma da zarar faifai ya nutse, miƙaƙƙiya ta fi, domin dantse da kafaɗa ne suke tura ta baki ɗaya, wuyan hannu ya huta.

Sauran ƙa'idojin, asara ce ta koyar da su ɗaya bayan ɗaya. Makullin murɗawa da ake ƙara tsawon ƙota da shi yakan cika da rairayi ya ƙafe, har sai an sa zarto, shi ya sa aka koma ga makulli mai maɗaɓi wanda ake iya buɗewa a wanke, wasu ma suka haƙura da naɗewa suka yi ƙotar sama guntu ɗaya. Aka huda ƙananan kafofi domin ruwan da ya shiga ya tsiyaye. Ƙusar da ke riƙe faifai ta nailan ce, sandar ƙasa kuma ta zaren gilashi, domin kada na'ura ta ji ƙotarta. Kome kuwa, ba togiya, a ɗauraye shi da ruwan daɗi ranar da aka fito.

Zuwan zaren kabon ya ta da wata muhawarar. Ga shi da sauƙin nauyi, ga tauri, ba ya lanƙwasa idan igiya ta buge shi, amma yana ɗaukar lantarki gwargwado, saboda haka wasu suka haramta shi kusa da faifai. Hujjar masu halattawa ita ce yawancin na'urorin nan sai abu ya motsa a gaban faifai suke jinsa, ƙota kuwa tare da faifan take tafiya. Jarrabawa ta nuna suna da gaskiya a galibin lokuta, muddin faifan bai yi sako-sako yana lilo a kan ƙusarsa ba. Illarsa ta haƙiƙa a wani wuri take: idan kabon ya haɗu da alminiyam a cikin ruwan gishiri, alminiyam ɗin ne yake cinyewa, sai ka ga farin gari a mahaɗar. A wannan zamani ne ƙananan maƙera irin su Anderson a Kanada da Plugger a Amurka suka mayar da abin sana'a, mutum ya sayi na'ura da tsada, ya ajiye ƙotarta sabuwa fil a cikin kwali, ya aika a kawo masa wata.

A 2018 Equinox ta Minelab ta fito, marar nauyi, tana shiga ruwa har mita 3, farashinta kuma ya sa dubban mutanen da ba su taɓa jiƙa ƙafa ba suka shiga teku. Kasuwar ƙota ta bunƙasa fiye da dā, har Steve's Detector Rods ya shahara da wani bututun nauyi da ake ɗaurawa a gindin ƙota, wanda a zahiri ƙarin kaya ne, amma a hannu sauƙi ne. A 2022 kamfanin Minelab da kansa ya fito da Equinox 900 da Manticore, kowacce da miƙaƙƙiyar ƙotar kabon mai naɗewa da makullai masu maɗaɓi, wato abin da masu bayan gida suka shekara ashirin suna yi. Deus II ta kamfanin XP na Faransa kuwa ta zo da sabuwar mas'ala, domin faifanta ba shi da waya, ta rediyo yake magana da akwatin, saƙon rediyon kuma ba ya ratsa ruwa, sai an ja siririyar wayar eriya daga faifai zuwa sama. Yanzu abin da ake ta gwadawa shi ne huda ƙotar a zura wayar ta ciki, ba tare da an raunana kabon ɗin a inda igiya ta fi dukansa ba.