Dalilan Haɗurran Jiragen Saman Farar Hula a Lokacin Yaƙi: Daga Tokoin Zuwa Uli, 1967–1970

Gabatarwa

Da zarar aka ji labarin faɗuwar jirgin saman farar hula a lokacin yaƙi, abin da kan fara zuwa wa mai sauraro a zuci shi ne harbo shi aka yi. Hakan yana faruwa, kuma tarihi ya adana misalansa. Sai dai wanda ya bi diddigin jiragen da suka yi jigila a gaɓar tekun Afirka ta Yamma a shekarun yaƙin basasar Nijeriya zai tarar cewa mafi yawan waɗanda suka faɗi babu harsashin da ya taɓa su. Abin da ya hallaka su shi ne abubuwan da yaƙi ya janye daga hannun matuƙi, wato hasken titin sauka, da jagorancin masu kula da zirga-zirga, da gyara a kan kari, da isasshen barci, da takardun gaskiya. Wannan muƙala za ta bi waɗannan dalilai ɗaya bayan ɗaya, ta fara da wani abu da ya auku a filin jirgin saman Tokoin da ke birnin Lome na ƙasar Togo.

Jirgin da Aka Tsare a Tokoin

Lome birni ne da Hausawa suka daɗe da sani, domin fatake sun kafa zango a cikinsa tun zamanin mulkin Jamus. A unguwar Tokoin ne babban filin jirgin saman ƙasar yake. Togo ba ta shiga yaƙin da ya ɓarke a watan Yulin 1967 tsakanin Gwamnatin Tarayya da ɓangaren Biyafara ba, amma ƙurar yaƙin ta iso ta.

A watan Janairun 1968 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta sauya takardun kuɗin Nijeriya, lokacin Cif Obafemi Awolowo yana kwamishinan kuɗi. Manufar ita ce tsofaffin takardun da ke hannun Biyafara su tashi daga aiki, ta kasa sayen makamai da su a ƙetare. A cikin wannan wata ne wani jirgin dakon kaya samfurin DC-7 ya sauka a Tokoin maƙare da tsofaffin takardun kuɗin Nijeriya. Hukumomin Togo suka riƙe jirgin, suka tsare matuƙinsa Jack Malloch, mutumin Rodeshiya, tare da abokan aikinsa na tsawon watanni.

Wannan jirgi bai yi haɗari ba, amma ya bayyana tushen da haɗurran da suka biyo baya suka tsiro daga gare shi. Jirgi ne na kamfanin kasuwanci, matuƙansa ba sojoji ba ne, amma kayan da ya ɗauko na yaƙi ne.

Dalili na Farko: Rikicewar Shaida

Lafiyar jirgin farar hula ta dogara ne ga sanin kowa cewa shi ba mayaƙi ba ne. Yaƙin basasa ya gurɓata wannan sani tun kafin a fara harbi. A watan Afrilun 1967 aka karkatar da wani jirgin fasinja na kamfanin Nigeria Airways samfurin Fokker F27 zuwa Inugu. Daga baya aka mayar da shi na jefa bama-bamai, har ya tarwatse a sararin Legas a watan Oktoban wannan shekara.

Bayan da Fatakwal ta faɗa hannun sojojin tarayya a watan Mayun 1968, Biyafara ta rasa teku da babban filin jirgi, yunwa ta fara kashe yara. Ƙungiyoyin coci-coci suka haɗu a ƙarƙashin sunan Joint Church Aid suna jigilar abinci daga tsibirin Sao Tome. Ƙungiyar Red Cross ta duniya kuwa tana tashi daga tsibirin Fernando Po, daga baya ta ƙara da Kwatano, maƙwabciyar Lome ta gabas, a farkon 1969. Matsalar ita ce jiragen agaji da masu safarar makamai duk wuri guda suke sauka, a dare guda, a kan titi guda. Wasu daga cikin jiragen ɗan kasuwar nan Ba'amurke, Hank Wharton, suna ɗauke da lambobin rajista na jabu na ƙasar Muritaniya, kuma sukan ɗauki magani yau, gobe su ɗauki albarusai. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sojan da ke ƙasa ba shi da hanyar bambance mai ɗauke da busasshen kifi da mai ɗauke da bindigogi.

Dalili na Biyu: Duhu da Titi Marar Kayan Aiki

A watan Agustan 1967 jiragen yaƙi samfurin MiG na Tarayyar Sobiyet suka iso filin jirgin saman Kano. Matuƙansu na farko, waɗanda akasarinsu Misirawa ne, da rana suke aiki. Wannan ya sa duk jirgin da ke son shiga Biyafara ya koma tafiyar dare.

Wurin saukar kuwa shi ne Uli, wanda ba filin jirgi ba ne na ainihi. Wani yanki ne na titin mota da ke tsakanin Onica da Oweri aka faɗaɗa, dazuzzuka kewaye da shi. Ba shi da na'urar da ke jagorantar jirgi har ƙasa cikin gajimare kamar yadda manyan filaye suke da ita. Ɗan abin da ake da shi shi ne tashar rediyo mai nuna wa matuƙi shiyya. Bugu da ƙari, wani jirgin Gwamnatin Tarayya yakan yi shawagi a saman Uli cikin dare yana jiran ya ga haske ya saki bam. Don haka ba a kunna fitilun titi sai jirgi ya kusa taɓa ƙasa, a kuma kashe su da zarar ya sauka.

Masana harkar jirage sun san illar sauka cikin baƙin duhu. Idan babu wani haske tsakanin jirgi da titi, ido yakan yaudari matuƙi, ya ga kamar yana sama sosai alhali ya riga ya kusa kan itatuwa. Idan aka haɗa da ruwan damina mai ƙarfi na kudancin Nijeriya, kuskuren taku kaɗan ya isa ya zama ajali. Haka ta faru da Kyaftin August Martin, ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka zama kyaftin a kamfanonin jiragen Amurka. Jirginsa samfurin Super Constellation ya faɗi yana ƙoƙarin sauka a Uli cikin ruwan sama a tsakiyar 1968, ya rasu tare da matarsa da sauran waɗanda ke ciki. A watan Mayun 1969 wani DC-6 da ke yi wa Red Cross aiki ya faɗi kafin ya kai titin, mutum huɗu suka mutu. A watan Agusta jirgin ƙungiyar Canairelief ta Kanada ya bi sahu da mutum huɗu, sannan a watan Satumba wani C-97 ya faɗi da mutum biyar. Dukkansu a kusa da Uli ne, kuma cikin dare.

Dalili na Uku: Tsufan Jirage da Gajiyar Matuƙa

Babu kamfanin da zai tura sabon jirginsa fagen fama, kuma kamfanonin inshora ba sa son ɗaukar irin wannan kasada. Saboda haka jiragen da suka yi wannan jigila tsofaffi ne masu farfela, irin su DC-6 da DC-7 da Super Constellation, waɗanda manyan kamfanoni suka yi watsi da su bayan zuwan jiragen jet. Injunansu suna buƙatar kulawa mai yawa, ga kayan gyara da nisa, ga makanikai suna aiki a filin Allah cikin zafi da laima. Ana kuma loda musu kaya iyakar abin da za su iya ɗagawa, domin kowane buhu rai ne a wajen masu jira.

Matuƙan ma ba su huta ba. Da yake dare kaɗai ake da shi, jirgi guda yakan yi sawu biyu, wani lokaci uku, kafin gari ya waye. Dokokin da ke ƙayyade sa'o'in aikin matuƙi a lokacin zaman lafiya ba su da mai tilasta su a irin wannan hali. Jiragen Joint Church Aid kaɗai sun yi sawu fiye da 5,000, suka kai kaya sama da tan 60,000 kafin yaƙin ya ƙare a watan Janairun 1970. Gajiyayyen mutum yakan yi jinkirin karanta na'urar auna tsayi, kuma a saukar Uli jinkirin daƙiƙa biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Dalili na Huɗu: Harbi

A watan Mayun 1969 wani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya jagoranci ƙananan jirage suka kai hari kan filayen jiragen Gwamnatin Tarayya, ciki har da na Fatakwal. Shi ne kuma mutumin da a 1968 ya tuƙa jirgin agaji zuwa Uli. Wannan ya ƙara wa hukumomin Legas zargin cewa agaji da yaƙi abu guda ne. Ranar 5 ga Yuni 1969 wani MiG-17 ya harbo jirgin DC-7 na Red Cross a kusa da Eket, wanda ya taso daga Fernando Po tun duhu bai gama sauka ba. Ma'aikatansa huɗu suka mutu. Jigilar Red Cross ta tsaya, kuma ba ta sake komawa yadda take ba.

Ke nan harbin ma ɗa ne ga dalili na farko. Irin wannan ya faru a wasu wurare: jiragen yaƙin Jamus sun harbo jirgin fasinja na BOAC da ya taso daga Lisbon ranar 1 ga Yuni 1943, mutum 17 suka mutu; jirgin ruwan yaƙin Amurka ya harbo jirgin fasinjan Iran a 1988 da mutum 290; aka kuma harbo na Malesiya a gabashin Yukren a 2014 da mutum 298. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ita ce ginshiƙin dokokin sufurin sama, ba ta ƙunshi sashe bayyananne da ya hana amfani da makami a kan jirgin farar hula ba sai a 1984, bayan harbo jirgin Koriya ta Kudu a 1983.

Dalili na Biyar: Raunin Bincike

Sufurin sama yana samun ingantuwa ne ta hanyar binciken kowane haɗari da sanar da sakamakonsa, don kada a maimaita kuskure. Yaƙi yana toshe wannan hanya. Tarkacen da ya faɗi a dajin da ake fafatawa ba ya samun masu bincike, kuma kowane ɓangare yana da labarin da yake son a yarda da shi.

Ko nesa da fagen fama zargi yakan riga hujja isa. Ranar 20 ga Nuwamba 1969 jirgin Nigeria Airways samfurin VC10, wanda ya taso daga Landan ya yada zango a Rum da Kano, ya faɗi cikin itatuwa 'yan kilomitoci kafin filin Ikeja. Dukkan mutum 87 da ke ciki suka rasu. Da yake ana tsakiyar yaƙi, nan da nan jita-jitar zagon ƙasa ta bazu. Abin da binciken ya fi karkata gare shi kuwa shi ne jirgin ya sauko ƙasa da tsayin da ya dace alhali matuƙan ba su ga titi ba, wato irin kuskuren da ya ci jiragen Uli.

Kammalawa

Dalilan nan biyar sarƙe suke da juna. Cakuɗa makamai da agaji ya jawo barazanar harbi, barazanar ta tilasta tafiyar dare da kashe fitilu, gajeren dare ya tilasta yawan sawu da tsofaffin jirage, rashin bincike kuma ya bar kuskure yana maimaita kansa. Darasin bai tsufa ba. A yau Tokoin ne cibiyar kamfanin ASKY, wanda ya fara aiki a 2010, kuma daga nan 'yan kasuwa da ɗalibai suke tashi zuwa Yamai da Wagadugu da Bamako, manyan biranen ƙasashen da ke fama da rikicin masu ɗauke da makamai. Lafiyar waɗannan fasinjoji ta rataya ne ga abubuwan da aka rasa a Uli: rajistar gaskiya, da rarrabe kayan soja da na farar hula, da titi mai haske, da matuƙin da ya sami barci, da hukumar da za ta faɗi abin da ya auku ba tare da tsoro ba.