Thomas Adeoye Lambo da Jinyar Ƙauye ta Aro

Thomas Adeoye Lambo shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a ilimin ciwon taɓin hankali bisa tsarin asibiti. An haife shi a Abeokuta a 1923, ya yi karatun likita a Jami'ar Birmingham da ke Ingila, sannan ya samu horo a asibitin Maudsley na Landan. A 1954 ya dawo gida aka ba shi riƙon asibitin Aro, a gefen garinsu.

Abin da ya tarar ba shi da daɗin ji. Gidajen mahaukata na zamanin Turawa, irin na Yaba da Kalaba, wuraren tsarewa ne kawai, kuma a Arewa sau da yawa a jikin gidan yari na En'e suke. A ƙauye kuwa turu da mari ne makomar wanda ya fara duka. A fagen ilimi ma akwai wani turun. A 1953 J. C. Carothers, likitan da ya yi aiki a Kenya, ya wallafa littafi da sunan Hukumar Lafiya ta Duniya yana riya cewa tunanin baƙar fata bai kai na Bature ba. Lambo ya mayar da martani a 1955 da wata maƙala kan majinyata Yarbawa, inda ya nuna cewa cutar taɓin hankali ɗaya ce ko'ina, al'ada ce ke sauya mata kama. Manomin da bai yi boko ba yakan ce mayu ke binsa, shi kuwa ɗan boko alamunsa sukan yi daidai da na majinyacin Landan.

Aikin da ya fitar da sunansa shi ne jinyar ƙauye. Da ya ga ginin asibitin bai kammala ba, sai ya nemi dagatan ƙauyukan da ke kewaye su yarda a sauke marasa lafiya a gidajen mutane. Sharaɗi guda ne: kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwa, galibi uwa ko 'yar'uwa, wadda za ta dafa masa abinci, ta wanke masa tufa, ta raka shi asibiti da safe a yi masa allura ko a ba shi magani, da yamma su komo masauki. Mai gida yana karɓar kuɗin haya, ƙauye kuma ya samu ruwan famfo da rancen ƙara ɗakuna. Ta haka mutum bai rabu da danginsa ba, kuma da ya warke babu wahalar komawa cikin jama'a. Lambo ya kuma jawo wasu masu maganin gargajiya suka yi aiki tare da shi, abin da bai yi wa wasu abokan aikinsa daɗi ba. Hujjarsa ita ce wurinsu mutane ke fara zuwa, kuma su ne suka san yadda majinyaci ke fassara ciwonsa.

A 1961 ya shirya taron likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka na farko a Abeokuta. Ya kuma haɗa hannu da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell suka yi bincike gida-gida, wanda ya fito a 1963 ya nuna cewa damuwa da makamantanta suna nan a ƙauyukan Yarbawa kamar yadda suke a karkarar Kanada. Ya zama farfesa a Ibadan a 1963, shugaban jami'ar daga 1968 zuwa 1971, sannan mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1973 zuwa 1988. Ya rasu a 2004.

A ƙasashen renon Faransa, Henri Collomb ya bi irin wannan hanya a asibitin Fann na Dakar tun daga 1959. Dalilin da ya sa tsarin ya karɓu a bayyane yake ga duk wanda ya san ƙasa irin Tarka a Damargun Nijar. Idan hankalin wani ya gushe a can, malam mai rubutu da ruƙiyya ko 'yan bori ne a kusa, babban asibiti kuwa sai an yi doguwar tafiya zuwa Damagaram, kuma dangi ne ke ɗaukar nauyin jinya tun daga farko har ƙarshe.

Sai dai jinyar ƙauye ba ta yaɗu yadda aka yi fata ba. Abeokuta ta faɗaɗa har ta haɗe da ƙauyukan, gwamnatoci kuma suka fi karkata ga manyan asibitoci irin na Kware, Barnawa da Dawanau. Dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawa ta 1916, ta ci gaba da aiki a Najeriya har zuwa Janairun 2023, lokacin da aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.