Tarihin Neman Lantarki a Sararin Sama



Duk wanda ya kwana a ƙasar Fagam cikin tsakiyar hunturu ya san cewa in mutum ya yaye bargo cikin duhu yakan ga tartsatsi. Da damina kuwa, tsawa kan faɗa wa itatuwa da duwatsun wannan yanki, har kakanninmu suka riƙa kiran wani sassaƙaƙƙen dutse da ake tsinta a gona gatarin aradu. Ashe ba baƙon abu ba ne a gare mu cewa akwai wuta a sama. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, shin ana iya tatso ta a haskaka gari?

A shekarar 1752 Dalibard ya kafa dogon ƙarfe kusa da Faris bisa shawarar Benjamin Franklin, ya jawo tartsatsi daga hadari. Shekara guda bayan haka, Farfesa Richmann ya gwada irin wannan a ƙasar Rasha, tsawa ta kashe shi nan take. Duk da haka kwaɗayin bai mutu ba. A 1920 Hermann Plauson ya wallafa littafi a Hambag inda ya tsara a ɗaga manyan balan-balan na ƙarfe su tattaro wutar. Ba a taɓa gina tashar da ya yi mafarki ba.

Mu ma muna da namu rabo a wannan tarihi. A 1967 D. J. Harris na Jami'ar Ahmadu Bello ya bayyana awon da ya yi a Zariya. A ranar da sama ta yi garau, kowace mita guda ta tsawo tana ɗauke da kimanin bolt 100; amma in ƙurar hunturu ta sauko, sai awon ya juya baya, ya kuma ninka sau da yawa. Wato hazon da muke tsinewa saboda tari, shi kansa ɗauke yake da lantarki.

To, me ya hana a ci moriyarsa? A ganina, magabatan nan sun ruɗu ne da tsawon gangare, suka manta da yawan ruwan da ke gangarowa. Tsakanin ƙasa da can ƙololuwar sama akwai kimanin bolt 250,000, amma abin da ke kwarara a faɗin duniya baki ɗaya bai wuce amfiya dubu ɗaya ko makamancin haka ba, domin iska ba ta barin lantarki ya ratsa ta da sauƙi. In an yi lissafi, megawat ɗari biyu da 'yan kai ke nan. Madatsar Kainji kaɗai, wadda aka kammala a 1968, an kafa mata injunan megawat 760.

A 2020 masana a Jami'ar Masacusets ta Amurka sun fito da wata 'yar na'ura mai samar da ɗan lantarki daga laimar iska. Sai dai a Fagam, daga Nuwamba zuwa Maris, laimar ce babu.