Wace sharja ta dace da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi?

Raspberry Pi kwamfuta ce da aka harhaɗa bisa ɗan faranti guda, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Ta fara fitowa a Ingila a 2012. Ɗalibai da masu gyaran na'urori na amfani da ita don koyon aiki, ko haɗa kyamarar tsaro. Sau da yawa ana sayar da ita babu sharja, sai mai ita ya jona mata ta salularshi. Daga nan matsala ke farawa.

Lambobi biyu ake dubawa a jikin sharja: bolt (V) da amfer (A). Bolt shi ne ƙarfin turin kuran, kuma dole ya tsaya kan 5 ko 5,1. In ya zarce da yawa, farantin ya ƙone. Amfer shi ne yawan kuran da sharja ke iya bayarwa. In ya fi abin da ake buƙata babu laifi, don na'urar rabonta kawai take ja. Rashin isa ne ke kawo cikas.

Ga abin da kowane samfuri ke so:
- Pi 3: amfer 2,5, da bakin micro-USB.
- Pi 4, na 2019: amfer 3, da bakin USB-C.
- Pi 5, na 2023: amfer 5, da bakin USB-C. Yana tashi da sharja mai amfer 3, amma sai ya rage kuran da yake ba abubuwan da aka jona mashi ta USB.

Waya ma na da nata tasiri. Siririyar waya mai tsawo na cinye wani ɓangare na bolt kafin ya iso. Gajera mai kauri ta fi. In bolt ya sauka ƙasa da 4,63, na'urar na nuna gargaɗi bisa allo, ta rage saurin aikinta, wani lokaci ta mutu ta sake tashi da kanta.

Kuran da Nigelec ke kawowa bolt 220 ne, don haka a zaɓi sharjar da aka rubuta ma 100-240 V, mai ƙafafu biyu zagayayyu. Babban haɗari shi ne ɗaukewar wuta, musamman lokacin zafi. In wuta ta tafi na'urar na cikin rubuta bayanai, katin microSD na iya lalacewa, aikin makonni ya salwanta. Maganin shi ne ƙaramin batir mai riƙe wuta har a kashe ta yadda ya kamata, tare da ajiye kwafin katin a gefe.

Mai amfani da hasken rana kuwa, kada ya jona batir mai bolt 12 kai tsaye. Sai ya sa na'urar da ke rage shi zuwa bolt 5 a tsakani, ya auna da mita kafin ya haɗa.