Daga Jangare zuwa Kannywood: Su Wa Ake Gani a Finafinan Soyayyar Aljanu?

Labarin soyayya tsakanin mutum da aljan ya girmi sana'ar fim nesa ba kusa ba, domin Hausawa sun daɗe da sanin namijin dare da macen dare, wato aljanin da ake cewa yana auren ɗan Adam a mafarki har ya hana shi zaman aure. Bori, wanda tsohuwar hanya ce ta mu'amala da iskoki domin neman waraka, ya tsara wa waɗannan halittu birni guda mai suna Jangare, kuma kamar yadda Fremont Besmer ya bayyana a littafinsa na 1983 kan borin Kano, gidaje goma sha biyu ne a birnin. Abin lura shi ne yadda gidajen suka tattaro kowa: akwai Malam Alhaji da Sarkin Arna, akwai Barhaza Bafulatana da Bagwariya, akwai Kuturu da Sarkin Makafi, har da Ɗan Galadima, ɗan sarauta mai son mata da caca.

Fim bai gaji wannan yalwa ba. Gidajen silima da 'yan Lebanon suka buɗe a Kano tun shekarun 1930 sun shayar da masu kallo finafinan Indiya, irin su Nagin na 1976 da Nagina na 1986, inda macijiya ke rikiɗa ta zama kyakkyawar mace, saboda haka lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990 harkar bidiyo ta kankama, siffar aljana ta riga ta zauna a idon jama'a: fara, doguwa, mai gashi har gadon baya. Sai kuma ruƙiyya, wato korar aljani da karatun Alƙur'ani, ta yaɗu a Kano a tsakiyar shekarun 1990, Hukumar Tace Finafinai ta jihar ta kafu a 2001, daga nan ƙarshen labarin a finafinai ya kusan zama ɗaya, malam ya tofa addu'a, aljana ta yi kururuwa ta fita, saurayi ya koma ga budurwarsa.

Giɓin da ke tsakanin bori da fim ya fi fitowa fili a gari irin Masaka, da ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi, inda tsadar haya a babban birnin tarayya ta tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowane sashe na Nijeriya a kan Gbagyi da Gwandara da suka riga su zama, Hausa kuma tana cikin harsunan cinikinsu. A rumfar mai tura finafinai a waya, yarinyar Gbagyi kan miƙa wayarta a zuba mata fim ɗin Hausa, amma idan ɗan ƙabilarta ya bayyana a ciki, galibi ɗan barkwanci ne mai karya harshe, irin rawar Ɗan Gwari, kamar yadda ɗan wasa Baban Chinedu ya yi suna da kwaikwayon Ibo. Makaho da kuturu kuwa, waɗanda bori ya ba gida da sarauta, bara kawai fim ya bar musu.

Ba a ce bori ya tsira daga raini ba, don shi ma kwaikwayon baƙi yake yi da idon Bahaushe. Sai dai ya ba su iko da kwarjini, abin da masu shirya finafinan Hausa suka yi shekara talatin da ɗoriya suna rowarsa ga maƙwabtan da ke cikin masu kallonsu.