Yadda Home Alone ya zama fim ɗin da iyali ba sa gajiya da shi

Lokacin da aka fara nuna Home Alone a gidajen sinima na Amurka a Nuwambar 1990, ba kowa ne ya sa masa rai ba. Kamfanin Warner Bros. ne ya fara karɓar aikin, da ya ga kuɗin yana neman ya zarce abin da aka yi yarjejeniya sai ya tsame hannunsa, 20th Century Fox ya ɗauka. An kashe kimanin dala miliyan 18, fim ɗin ya tara sama da miliyan 470 a duniya, ya kuma yi makonni 12 a jere yana kan gaba a Amurka. Sai dai ciniki na shekara guda ba ya bayyana dalilin da ya sa har yau iyaye da 'ya'ya ke zama su kalle shi tare. Dalilin yana cikin ginin labarin: an ɗora barkwancin a kan tsoro na gaske da kowane gida ya sani.

John Hughes, marubucin labarin, ya samo shi ne yana shirin tafiya da iyalinsa, sai tunani ya zo masa na abin da zai faru in aka manta yaro a gida. Daga nan Kevin McCallister ya fito, ɗan shekara 8 da 'yan gidansu suka tashi zuwa Faransa hutun Kirsimeti suka bar shi yana barci. Aka ba da rawar Kevin ga Macaulay Culkin, wanda Hughes ya riga ya yi aiki da shi a Uncle Buck na 1989. Darakta Chris Columbus kuwa ya ƙara wa labarin nauyi da dattijo Marley, maƙwabcin da yara ke yaɗa cewa mai kisan kai ne, alhali saɓani ne ya raba shi da ɗansa. Ga kuma uwar, wadda Catherine O'Hara ta fito a matsayinta, a filin jirgin Paris tana miƙa agogonta da 'yan kunnenta don a sayar mata da kujera, daga baya ta shiga bayan babbar mota tare da makaɗa don ta isa gida. Yaro na kallon 'yancin cin abin da ya ga dama, uwa na kallon abin da take roƙon Allah ya tsare ta da shi.

Wasu na cewa gidajen talabijin ne suka cusa shi ta hanyar maimaitawa kowace Disamba. Maimaitawar gaskiya ce, amma a Poland, da tashar Polsat ta cire shi daga jadawalin Kirsimetin 2010, dubban mutane ne suka yi ca a Facebook har aka mayar da shi. Masu kallo ne ke nema. Kuma da tarkunan da Kevin ya ɗana wa ɓarayi biyu, Harry da Marv, kaɗai ne sirrin, da Home Alone 3 na 1997 da wanda aka sake yi a 2021 sun samu irin wannan karɓuwa, tunda su ma cike suke da tarkuna.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: dukan ya yi yawa. Dutsen guga ya faɗo wa Marv a fuska, wuta ta babbake kan Harry, gwangwanayen fenti suka kifar da su daga matakala. Mai sharhi Roger Ebert ma ya ce tarkunan sun fi ƙarfin yaro. Amma wannan salon Tom and Jerry ne, inda mugu ke shan wuya ya miƙe, kuma dariyarsa ba ta buƙatar fassara. Abin da masu sukar ke tsallakewa shi ne ƙarshen faɗan. Dabarar Kevin ta ƙare, ɓarayin suka cafke shi suka rataye shi da rigarsa a jikin ƙofa, sai Marley ya zo da shebur ya cece shi. Fim ɗin ya bar yaro ya yi wayo iya wayonsa, sannan ya nuna cewa ba zai tsira ba sai da babba. A 2023 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa Home Alone cikin finafinan da ake adanawa saboda muhimmancinsu ga al'adun ƙasar.